Idan Maharbi Ya Rataye Kwari: Yadda Mafarautan Ƙasar Hunkuyi Ke Tafiyar da Kwanakin Sallah

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan sana'o'in Hausawa na gargajiya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda mafarauta da maharba na ƙasar Hunkuyi da maƙwabtanta, wato Kudan da Makarfi da Ikara, suke tafiyar da kwanakin bukukuwan Sallah. Galibin abin da ake faɗa game da farautar Bahaushe ya tsaya ne a kan abin da ke faruwa a daji: kayan aiki, da dabarun kamu, da asirai. Ba a cika waiwayar maharbi ba idan ya dawo gida ya rataye kwarinsa. Maƙalar ta bi shi tun daga jajibere har zuwa watsewar taro, ta nuna cewa a cikin waɗannan 'yan kwanaki ne ake gyaran kaya, da gaida magabata, da kashe rigingimun daji, da koyar da na baya. Ta kuma nuna cewa tun da gonaki suka cinye daji, rashin tsaro kuma ya rufe abin da ya saura, zaure da dandali ne suka rage riƙe da ilimin sana'ar. Daga ƙarshe ta yi kira ga manazarta da masarauta da su kansu mafarautan da su tsare wannan gado.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa yin Sallah a ƙauyukan arewacin Zazzau ya san wani sauti da kan taso bayan la'asar, lokacin da aka ci tuwo aka ƙoshi, yara suka bazu yawon Sallah. Sautin gangi ne. Da ya tashi za ka ga dattijon da ya je idi da farar riga ya faɗa ɗaki, ya fito da wata riga mai launin ƙasa, layu sun rufe ƙirjinta, gora a kafaɗa, karnuka na biye. Mai kallo daga nesa zai ce shagali ne kawai, irin wanda Hausawa ke cewa Sallah bikin ɗaya rana. Wanda ya matsa kusa kuwa zai tarar da tsari: akwai wanda ke gaba, akwai wanda ke baya, akwai wanda ba ya buɗe baki sai an ba shi dama.

Magabata sun share mana fage. M. G. Smith, wanda ya yi bincikensa a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950, ya fitar da littafinsa kan tattalin arzikin garuruwan Hausawan Zariya a 1955, inda ya nuna yadda talaka ke haɗa noma da wata sana'ar rani. David Ames da Anthony King, a ƙamusunsu na kaɗe-kaɗen Hausa na 1971, sun tattara kayan kiɗan da ake yi wa kowane rukunin masu sana'a, har da maharba da 'yan tauri. Guy Nicolas kuma ya yi bayanin bikin buɗin daji a ƙasar Maraɗi. Abin da wannan maƙala ke son ƙarawa shi ne duban lokacin hutun Sallah shi kansa, da tambayar me ake yi a cikinsa, kuma me zai salwanta idan ya salwanta. Ta dogara ne kan abin da ido ke gani a zauruka da dandula, tare da auna shi da abin da magabata suka rubuta.

2.0 Ƙasar Hunkuyi da Dajinta

Hunkuyi ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kudan a Jihar Kaduna. Tana arewa da birnin Zariya, a cikin masarautar Zazzau, kuma ƙasarta ta dangana da Makarfi da Giwa da Sabon Gari, da ƙasar Danja ta Jihar Katsina. Daga cikin garuruwan ƙaramar hukumar akwai Kudan da Likoro da Kauran Wali da Zabi da Doka. Faɗinta kimanin murabba'in kilomita 400 ne, ƙidayar 2006 kuma ta nuna mutane kusan 139,000. Wato tun a wancan lokaci kusan mutum 350 ne ke zaune a kowane murabba'in kilomita guda. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya gaya wa mai nazari halin da daji ke ciki.

Ƙasa ce ta noma. Da damina ana shuka masara da dawa da shinkafa da waken suya. Da rani fadamu kan cika da tumatir da attarugu da albasa, ga rake wanda Kudan da Makarfi suka yi suna a kansa, har da mazarƙwailar da ake dafawa daga ruwansa. Albarka ce babba, amma ta zo wa farauta da sauyi iri biyu. Na farko, saurukan da a da ake bari su huta, da kurmin bakin rafi inda gada da gyazbi ke fakewa, duk sun zama gona. Na biyu, ranin da a da manomi ke samun sukunin shiga daji yanzu injin ban-ruwa ya cinye shi. Wanda ke da tumatir a fadama ba ya iya kwana bakwai a daji.

Abin da ake samu a kusa da gida a yau bai wuce zomo da gafiya da kurege da bushiya da damo da guza da fakara da zabon daji ba. Gwanki da ɓauna da mariri sai a bakin tsofaffi. Mai son babban nama sai ya yi nisa. Dazuzzukan yamma, ta wajen Giwa da Birnin Gwari, 'yan bindiga sun mayar da shigarsu kasada, Kamuku ma gandun daji ne na ƙasa tun 1999, doka ta hana farauta a cikinsa. Falgore da ke gabas, cikin Jihar Kano, shi ma keɓaɓɓe ne. Shi ya sa ake ganin mafarauta cike da mota, su da karnukansu, sun nufi Bauchi ko Taraba ko Neja, wasu har kudancin ƙasar nan.

3.0 Maharbi, Mafarauci da Ɗan Tauri

Jama'a kan haɗa sunayen nan uku wuri guda, amma masu abin suna bambanta su. Maharbi shi ne mai baka da kibiya ko bindigar toka, wanda kan shiga daji shi kaɗai ko da yaronsa, ya yi sanɗa, ya yi kwanto, ya yi haƙuri. Galibi gadon gidansu ne, kuma yakan haɗa da ba da magani, domin wanda ya san daji ya san itatuwansa. Mafarauci kuwa ɗan taro ne. Ana yin gangami, a sa rana, gari da gari su haɗu da karnuka da gora da adda da barandami, a ja daga, a kora nama. Ɗan tauri shi ne wanda ya sha maganin ƙarfe, wanda aka yi imani wuƙa ba ta cin jikinsa. Tauri ya shiga farauta ne ta ƙofar ƙwace: a farautar taro, kama zomo daban, kai shi gida daban, domin wani ƙaƙƙarfan na iya tare ka ya ce karensa ne ya fara tayar da shi. Mutum guda na iya haɗa duka ukun. A bisansu akwai shugabanni masu sarautun sana'a, irin su Sarkin Baka da Sarkin Dawa, waɗanda ke ƙarƙashin dagaci da hakimi.

4.0 Lissafi Biyu: na Damina da na Wata

Mafarauci yana rayuwa ne a kan lissafi biyu. Na farko lissafin damina da rani. Farauta kan buɗe bayan kaka, idan an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, ta ci gaba cikin hunturu har bazara. Da ruwa ya sauka, ciyawa ta rufe sawu, dabbobi suka shiga haihuwa, sai a koma gona. Wannan shi ne dogon hutun daji. A garuruwan da tsohuwar al'ada ta yi ƙarfi, kamar ƙasar Maraɗi da Ƙonni, ba a shiga farautar shekara sai an yi buɗin daji. 

Na biyu lissafin wata, wanda azumi da Sallah ke bi. Shekarar Musulunci ta gaza ta bature da kimanin kwana 11, saboda haka Sallah kan zagaya damina da kaka da hunturu da bazara cikin kimanin shekara 33. A 2016 an yi Ƙaramar Sallah ranar 6 ga Yuli, Babba kuma 12 ga Satumba, duka biyun cikin damina, mafarauta na gida, kaya na rataye. A 2025 kuwa Ƙaramar Sallah ta zo ranar 30 ga Maris, tsakiyar lokacin farauta, Babba kuma 6 ga Yuni, ana shuka. Bambancin yana da girma. Sallar damina takan tarar da kowa a gida, taro ya cika ba wahala. Sallar rani kuwa sai an kirawo mutane daga dazuzzuka masu nisa, sai an hau mota, sai an ratsa garuruwan da ba a san su ba. Za mu ga abin da wannan ke jawowa a sashe na 6.0.

5.0 Kwanakin Sallah a Gidan Mafarauci

5.1 Jajibere: Ranar Kaya

Ba a fafe gora ranar tafiya, haka kuma ba a kiwon kare ranar farauta. Kwana biyu ko uku kafin Sallah, zauren tsohon maharbi kan zama kamar maƙera. Zai shimfiɗa buzu, ya sauke kwari daga bango, ya zazzage kibau a gabansa. Ɗaya bayan ɗaya zai ɗaga kyauro ya kanne ido guda ya duba miƙewarsa. Wanda ya tanƙware ya gasa shi sama-sama a garwashi ya miƙar, wanda ya tsage ya ware gefe. Kibiyar da ke da dafi ba ya barin yaro ya kusance ta, naɗe take a tsumma, shi kaɗai ke kwancewa. Zai sassauta tsirkiyar baka don itacen ya huta, ya shafe shi da man kaɗe. Warkin da ya bushe ya sha mai har ya yi laushi. Jikansa na durƙushe a gefe yana miƙo abin da aka ce ya miƙo. Ba wanda ya ce masa karatu ake yi, amma a nan yake sanin sunan kowane abu da inda ake kama shi.

Daga nan aiki ya watsu cikin gari. Ana kai wa maƙeri wuƙaƙe da barandami ya wasa, ya gyara kunamar bindiga. Ana kai wa baduku layun da rufinsu ya yage, da guru da kambu da kube. Mai bindigar toka zai wanke bututunta, ya tanadi albarushin da zai buga a gaisuwa. Karnuka ma ana cire musu kaska, a ɗaure su don kada su bi masu zuwa idi ko su kusanci naman layya. Kuɗin da mafarauci ya samo a daji, kafin Sallah ta wuce, ya ratsa hannun maƙeri da baduku da makaɗi da tela.

5.2 Ranar Idi: Farar Riga, Sannan Rigar Daji

Da safe mafarauci Musulmi ne cikin Musulmi. Ya yi wanka, ya sa sabuwar riga, ya tafi idi ba ko tsinke a hannunsa. A Babbar Sallah akwai abin lura: mutumin da ya shekara yana kawo nama daga daji, a ranar dole ya nemi rago ko akuya kamar kowa, domin shari'a ba ta karɓi barewa ko gada a matsayin layya ba, sai dabbobin gida. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a makarantun zaure na ƙasar Zazzau, ya haɗa hukuncin layya da yanka da farauta a babi guda. A can ne aka bayyana cewa farautar da aka yi don buƙata halas ce, wadda aka yi don wasa kawai kuwa makaruhi ce, kuma ana ambaton sunan Allah wajen sakin kare ko kibiya. Dattawan mafarauta sun san wannan, suna kuma tunatar da samari. Wajen fiɗa kuwa ba a neman kowa idan mafarauci na kusa. Maƙwabta kan kira shi ya feɗe musu rago, matan gidansa kuma, da suka saba da ƙyafe naman daji, su ne gwanayen suya da banda.

Bayan azahar sai a canza riga. Samari su taru a ƙofar babbansu, a ɗunguma zuwa gidan Sarkin Baka. A cire takalmi, a durƙusa: "Ranka ya daɗe, barka da Sallah." Ya amsa, ya sa albarka, ya raba goro. Daga nan ya shige gaba, a nufi gidan mai unguwa da na dagaci, a yi jinjina, bindigogi su tashi. Wasu kuma sukan bi tawagar hakimi zuwa Zariya, inda ake Hawan Sallah da Hawan Bariki da Hawan Daushe, su yi tattaki a ƙasa cikin 'yan baka da 'yan bindiga da 'yan tauri, a gaban Sarkin Zazzau. Wannan gaisuwa shaida ce a idon jama'a cewa masu makaman nan suna da shugaba, shugabansu ma yana da na gaba da shi. Makamin da ya rusuna a ƙofar sarki ba ɗaya yake da wanda ba ya gaida kowa ba.

5.3 Dandali: Gangi da Tauri

Da rana ta yi sanyi sai a buɗe fili. Jama'a su yi da'ira, mata da yara a baya, makaɗa a gefe guda. Kowane gwarzo yana da takensa. Makaɗi zai fara da na ƙanana, yana hawa. Idan ya taɓa taken wani, za ka ga mutumin da ke tsaye shiru jikinsa ya ɗauki tsuma. Ya yi kururuwa, ya faɗo fili, ya dafa ganga, kiɗa ya tsaya cak. Sai ya kama kirari: ya ambaci ubansa da kakansa, da wanda ya ba shi magani, da dazuzzukan da ya kwana, da ranar da aka taru a kansa bai saki nama ba. Ya zare wuƙa ya nuna wa jama'a kaifinta a jikin kara, sannan ya goga ta a damtse da ciki. Ya jefar, ya zaro wata. Abokansa su shigo su riƙe shi, a yi wa makaɗi kari, a koma kan taken wani.

Malamai sun daɗe suna jan kunne a kan duk abin da ya kusanci shirka a cikin waɗannan asirai, su tauri da sagau da kau-da-bara da baduhu, kuma gaskiya ne akan ji rauni a fili. Amma manazarcin al'ada zai ga wasu abubuwa uku. Na ɗaya, kirari taskar tarihi ce: a cikinsa ake jin sunayen dazuzzukan da suka zama gonaki, da namun da suka ƙare, da salsalar gidajen maharba. Na biyu, fili yana koyar da jiran lokaci, domin yaro ba ya shiga kafin a kira takensa, ba ya kuma yin kirari a kan na ubangidansa. Na uku, ƙarfin da zai iya fashewa a kan hanya ko a kasuwa, a nan yake samun mafita a gaban dattawa, da iyaka da ƙa'ida. Wanda ya saurari waƙoƙin Kassu Zurmi, makaɗin 'yan tauri da mafarauta na ƙasar Zamfara, ya san nauyin da wannan kiɗa ke da shi a zuciyar masu shi.

5.4 Dara da Rana, Hira da Dare

Kwana na biyu da na uku sun fi natsuwa. Da hantsi dattawa kan zauna gindin bishiya su haƙa gidajen dara talatin a ƙasa, wannan da duwatsu goma sha biyu, wancan da karare goma sha biyu. Wasa ne na haƙuri da kwanto da karanta niyyar abokin karawa, halayen da maharbi ke rayuwa da su. A wannan zama ne kuma baƙin da suka zo Sallah kan raɓo neman maganin sanyi ko basir ko makarin dafin maciji.

A nan ne kuma ake shari'ar daji. Wane ya ƙwace wa wane nama a farautar bara. Karen wane ya mutu a tarkon wane. Mutanen gari kaza sun shiga daji kafin ranar da aka sa. Wutar da samari suka cinna ta ci karan wani manomi. Sarkin Baka zai saurari kowa, ya nemi shaidu, ya ba mai gaskiya gaskiyarsa, a biya abin da za a biya, a yi musafaha. An zaɓi Sallah ne domin kowa na gida, kuma ranar yafiya ce, mai taurin kai ma yakan ji kunyar ƙin sulhu. Rigimar da ba a kashe a zaure ba, a daji za ta tashi, inda kowa ke riƙe da makami. A wannan zama ake kuma sa ranakun fita na gaba, a aika wa maƙwabtan garuruwa goron gayyata.

Bayan isha'i sai hira. Inda akwai mai komo, ya ɗauko ya riƙa kaɗawa a hankali, domin shi ne kiɗan maharba, ba shi da hayaniyar gangi. Yara su kewaye tsoho. Wani ya ce, "Baba, yaya ake gane sawun gada da na akuya?" Tsoho ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana da yatsa, ya nuna inda kofato ya tsuke da inda ya buɗe. Ya ɗebi toka ya saki a iska, ya nuna musu yadda ake sanin inda take kaɗawa, don kada nama ya shaƙi ƙanshin mutum. Ya ba da labarin yadda ake ɗaura kan burtu a goshi, a rufa da baƙin zane, a yi rarrafe ana kwaikwayon tsuntsun har a isa kusa da garke. Ya faɗi amfanin sabara da kalgo da marke da taura. Ya gargaɗe su kada su harbi mai ciki ko mai shayarwa, kada su harbi abin da ba su gani sarai ba, kada su ci amanar abokin tafiya. Yaron da ke jin wannan wataƙila ba zai taɓa ganin gwanki da idonsa ba. Abin da zai sani game da dajin kakanninsa, a wannan dare yake samunsa.

6.0 Hanyar Gida

An nuna a baya cewa Sallar rani takan tarar da mafarauta a nesa. Komawa gida ta zama wani yanki na hidimar Sallarsu, kuma yanki mafi haɗari. Ranar 27 ga Maris, 2025, saura kwana uku Ƙaramar Sallah, aka tare wata babbar mota a garin Uromi na Jihar Edo. A cikinta akwai mafarauta 'yan Jihar Kano, da dama daga Torankawa ta Ƙaramar Hukumar Bunkure, sun taso daga Jihar Ribas za su gida yin Sallah. Aka ga bindigogin toka a tare da su, aka yi musu kuɗin goro da masu garkuwa da mutane, gungun jama'a suka kashe mutum 16. Ba 'yan Hunkuyi ba ne, amma babu gidan mafarauci a arewacin Zazzau da wannan labari bai girgiza ba, domin irin motar da suke hawa ce, irin kayan da suke ɗauka ne, irin niyyar da ke ransu ce: a je gida a yi idi da iyali.

Abin takaici shi ne, irin waɗannan mutane ne ƙasa ta nema lokacin da ta shiga uku. A 2014 mafarauta sun taru a Maiduguri suna neman izinin shiga daji nemo 'yan matan Chibok, kuma a shekarar ce mafarautan Adamawa suka taimaka wa sojoji wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram. A ƙauyukanmu ma su ne ƙashin bayan sintiri, har a daren Sallah wasunsu ba sa runtsawa. Wanda ake kira da dare ya tsare gari bai cancanci a ɗauke shi ɓarawo da rana ba.

7.0 Ɓarakar Cikin Gida

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dole a faɗa wa mafarauta gaskiya: akwai ɓata-garin da suka raɓu da rigarsu. Kalmar daba, wadda asalinta mazaunin mafarauta ce, a birnin Kano ta koma sunan ta'addancin unguwa, bayan 'yan siyasa sun ɗauki samari masu makami aiki. Har ta kai rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta sanar da hana kiɗan gangi, saboda masu fakewa da shi su yi sara da ƙwace. Ƙwaya ta shigo inda a da ake taƙama da gado da horo. Saurayin da ya sha ya bugu ba ya jiran take, ba ya jin tsawar babba. Idan wannan cuta ta kama dandalin ƙauye, hukuma za ta rufe shi, kuma ranar da aka rufe shi, ba wasan wuƙa kaɗai za a rasa ba. Za a rasa gaisuwa da sulhu da hirar dare, a bar samari da makami ba mai ce musu kul.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi mafarauci daga jajibere zuwa hirar dare, ta nuna cewa kwanakin Sallah su ne makarantarsa da kotunsa da taskar tarihinsa. A da daji ne babban malami, zaure na taya shi. Yau a ƙasar Hunkuyi daji ya kusa ƙarewa, nauyin duka ya koma kan zaure da dandali. Bisa wannan ake ba da shawarwari huɗu.

Na ɗaya, manazarta, musamman na Jami'ar Ahmadu Bello da ke maƙwabtaka da wannan ƙasa, su tura ɗalibai ƙauyuka a kwanakin Sallah su naɗi take da kirari da sunayen namun daji da na itatuwa, da izinin masu abin, tun tsofaffin na raye. Na biyu, masarauta da ƙananan hukumomin Kudan da Makarfi da Ikara su tsayar wa mafarauta rana da fili sananne, a ɗora alhakin tsari a wuyan Sarkin Baka, maimakon a jira ɓarna ta auku a hana gaba ɗaya. Na uku, a yi wa mafarauta rajista da katin shaida, a sauƙaƙa musu lasisin bindigar toka da dokar makamai ta 1959 ta tanada, shugabanninsu kuma su riƙa sanar da hukuma kafin ayari ya kama doguwar hanya. Na huɗu, su mafarautan su tsarkake sahunsu: su kori mai shaye-shaye daga fili, su daina cinna wa daji wuta barkatai, su bar mai ciki da mai goyo su hayayyafa, su kuma goyi bayan a keɓe ɗan abin da ya rage na kurmi.

Ga mahalarta wannan taro kuma, roƙona guda ne. Sallah mai zuwa, in Allah ya kai mu, idan kun ji gangi ya tashi bayan la'asar, ku je ku kalla. Idan fili ya watse kada ku wuce gida. Ku bi tsohon nan mai layu zuwa zaurensa, ku gaishe shi, ku zauna, ku saurara, ku rubuta. Abin da ke kansa babu shi a kowane littafi, kuma shekarunsa sun ja.